Batirin litiyam a jirgin nama, da rektifayar da na ƙona kafin in koyi hankali

Sana'ata kai nama ƙetaren ruwa. Da asuba yarana suke ɗauko shi daga mayankar Oko-Oba a Agege, mu loda a jetin Liverpool da ke Apapa, mu bi ta gefen Tin Can, mu wuce Snake Island, mu sauke wa masu suya da masu abinci a Ibeshe da Ilashe. Ranakun Asabar da Lahadi, lokacin da masu kuɗin Ikko ke zuwa shan iska bakin teku, sawu biyu muke yi. Jirgin na faiba ne, bai kai mita goma ba, da rumfa a tsakiya, injinsa Yamaha mai doki 115. Mu Sarkawan Yawuri ne, ruwa gadonmu ne, sai dai kakana da ya ƙare rayuwarsa a kan kogin Kwara da filafili ɗaya da gora, da zai ga tulin wayoyin da ke ƙarƙashin bencina yau, da ya ce an yi mini asiri.

Da can ƙanƙara muke zubawa a kula mu danne naman da ita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu yin ta da janareta suka dinga ƙara kuɗi kamar ana korarsu. Ga ta kuma ba ta kai la'asar sai ta zama ruwa, naman ya jiƙe ya yi fari-fari, mai suya ya ɗaga shi yana yatsina fuska yana neman ragi. Sai na sayi firiza mai aiki da wutar batir, bolt 12, na haɗa ta da batiran babbar mota guda biyu, kowanne amp 100. Wata biyar suka mutu. Na sake sayen biyu, su kam ko damina ba su ƙarasa ba. Daga baya na gane ni ke kashe su. Batirin mota an ƙera shi ne ya yi kukan kura na daƙiƙa uku ya tada inji, a mayar masa da abin da ya bayar nan take, ni kuwa kullum dare sai firiza ta tatse shi har ƙasa. Ko batirin dalma da aka yi musamman don sola, ƙa'idarsa kada a ci fiye da rabinsa in ana so ya daɗe. Wato amp 200 a rubuce, 100 a hannu.

Direban jirgin kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya fara tuƙi a ruwan Ikko tun ina goye. Da na ambaci litiyam sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Ba shi ne wanda ke kama da wuta a aljihun mutane ba? Kai ɗan nan, a mota in wuta ta tashi ka buɗe ƙofa ka fita. A tsakiyar ruwa, da jarkokin fetur a bayanka, ina za ka?"

Ban da amsa ranar, don maganarsa tana kan hanya. Sai da na yi mako biyu ina tambaya kafin na fahimci litiyam ba iri ɗaya ba ne. Akwai na cikin wayar salula da kwamfuta, mai sauƙin nauyi da saurin fushi in ya huje ko ya yi zafi. Akwai kuma wanda ake rubuta wa LiFePO4 a jiki, mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda da wuya ya kama da wuta da kansa. Shi ake sa wa a jirage da gidaje. Na kai wa Kawu wannan bayani, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Allah Ya tsare." Wanda ya san Kawu ya san wannan ba amincewa ba ce, ya dai janye hannunsa ne.

A kasuwar Alaba da ke Ojo na saya. Wanda bai taɓa shiga layin masu sola a can ba, ya shirya kunnensa, don kowane shago nasa ne na asali, na maƙwabcinsa ne jabu. Abu uku suka taimake ni. Na farko sikeli. Batirin LiFePO4 mai amp 200 a bolt 12.8 ya kamata ya haura kilo 20 kaɗan, saboda haka wanda na ɗaga da hannu ɗaya kamar jakar makaranta, an manna masa lamba 200, ajiye shi na yi ban ko tambayi kuɗinsa ba. Na biyu manhajar waya. Cikin akwatin akwai ɗakuna huɗu, kowanne bolt 3.2, a jere, sai wani ɗan allo mai gadinsu da ake kira BMS. Mai kyau yana magana da wayarka ta Bluetooth, ka ga wutar kowane ɗaki da idonka. In uku suna tafiya tare ɗaya ya ja baya, tsofaffin ɗakuna ne aka yi wa sabuwar riga. Na uku, na sa mai shagon ya rubuta a rasit cewa zan gwada, in bai cika ba in dawo da shi. Ya yi ta rantsuwa cewa ba a taɓa dawo masa da kaya ba, na ce to ai rubutun ba zai cuce shi ba.

Gwajin a ɗakina na yi shi a Agege. Na cika batirin, na jona masa ƙwayayen fitilar mota biyu masu wat 55, wajen amp tara suke ja tare, na duba agogo. Suka kwana suna ci, suka wuni, uwargida tana ta mitar na mayar mata da ɗaki filin ƙwallo. Sai da suka haura awa ashirin da ɗaya kafin mai gadin ya yanke wuta. Na buga lissafi, ya kusa cika 200 ɗin. Batiran dalma biyun da ya gada sun haura kilo hamsin a haɗe, shi bai kai rabinsu ba, ga shi yana ba ni kusan ninki biyu na wutar da zan iya ci.

A nan ne na yi wauta. Kuɗina sun tafi a batir, sai na nemi araha a wajen haɗawa. Na ɗauko wani yaro mai sa sola a gidaje, hannunsa da kyau, ba na ce ba, amma bai taɓa taka jirgi da sunan aiki ba. Ya kafa farantan sola biyu a kan rumfa, wat 200 kowanne. Da ya zo kan batir sai ya ce, "Alhaji, wannan ai ya fi ƙarfin komai. Me za ka yi da tsohon batirin inji? Cire shi ka rage nauyi." Ya cire, ya ɗaura wayoyin injin kai tsaye a kan litiyam. Aka murza makulli inji ya tashi. Na biya shi har da na shan ruwa.

Kwana huɗu muna jin daɗi. Sau ɗaya dai da safe injin ya yi ƙyas ya ƙi juyawa sai a karo na biyu, ban kawo komai a raina ba. Rana ta biyar, wata Asabar mai rana tsaka, mun baro Snake Island a baya da lodin nama, sai na ga allurar mitar wuta ta yi tsalle ta buga ƙarshe. Warin roba mai ƙuna ya taso daga baya. Injin ya yi tari biyu ya yi shiru.

Shirun inji a wannan mashigin ba abin wasa ba ne. Ruwan yana janyewa zuwa teku, yana jan mu a hankali, ga manyan kwale-kwalen yashi suna wucewa suna watso mana igiya. Kawu bai ce mini uffan ba. Ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya jawo filafilin da na sha ce masa ya bari a gida don yana cin wuri, ya miƙa wa yaron jirgi ɗaya, ya riƙe ɗaya, suka karkata mu zuwa gefen itatuwan bakin ruwa muka ɗaure. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Wajen awa ɗaya muna nan kafin wani Ba'ilaje, wato ɗan ƙabilar Ilaje mazauna bakin ruwa, mai jirgin fasinja ya ja mu zuwa Ibeshe, ya kuma caje ni yadda ya ga dama, don ya san ba ni da zaɓi. Abin dariyar, firiza tana ta aikinta duk tsawon lokacin, nama ko gezau.

Makanikin inji da ya buɗe murfin washegari ya ciro rektifaya, wato ɗan akwatin da ke mayar da wutar inji ta zama ta cajin batir. Bayanta ya kumbura ya tsage, babban fis ɗin injin ma ya tsinke. Ya dubi wayoyin, ya dube ni, ya tambaya wa ya yi wannan aikin. Bayanin da ya yi mini, wanda na sake ji daga bakin mai gyara na biyu, shi ne: batirin dalma yana shan caji kamar dattijo, yana ƙoshi yana rage loma. Litiyam kuwa hannu baka hannu ƙwarya, duk abin da inji ya iya bayarwa zai karɓe har sai ya kusa cika, saboda haka rektifayar ta kwana huɗu tana aiki a iyakar ƙarfinta cikin zafi. Ranar Asabar ɗin sola ta riga ta kusa cika batirin tun hantsi. Da ya cika, mai gadin ya rufe ƙofar caji farat ɗaya, inji yana tsakar gudu, wutar ta rasa inda za ta zuba, ta yi sama. Da tsohon batirin dalma yana wurin da ya shanye ta. Makanikin ya ce in gode wa Allah da fis ya tsinke kafin ta kai ga kwamfutar injin, don kuɗin wannan sai ya sa na manta da na batir. Ƙyas ɗin da na ji da safe kuma, mai gadin ne ya ga sitata ta ja wuta da yawa lokaci guda ya ɗauka gobara ce.

Mai gyara na biyu ta hannun wani abokina na Alaba Rago na same shi. Bakano ne, ya yi shekaru yana aikin wuta a jiragen shaƙatawa na masu kuɗi a wajen Ikoyi. Kuɗin aikinsa ya ninka na farkon sau uku, kuma bai taɓa ko sukudireba ba a ranar farko. Kwalin taliya ya yaga ya zauna a bakin jeti yana yi mini tambayoyi kamar alƙali. Firiza nawa take ja? Muka auna, tsakanin amp huɗu da biyar in kwamfuresa tana aiki, kuma a zafin Ikko ta fi rabin yini tana aiki, ya rubuta amp 65 a kwana. Fitilun gaba da baya da na rumfa, cajin wayoyi, famfon da ke kwashe ruwan da ya taru a gindin jirgi, ya tara duka ya ce in ɗauka 90.

"Alhaji, batirinka zai riƙe ka kwana biyu ba rana ba inji. Wannan ya yi. Yanzu sai mu yi maganar ta ina 90 ɗin za ta dawo kullum."

Abin da ya fara yi shi ne mayar da batirin dalma mazauninsa. Sabo na saya, ƙarami, aikinsa ɗaya: tada inji da karɓar cajin inji yadda masu ƙera injin suka tsara. Tsakaninsa da litiyam ya sa wata caja da ake kira DC-DC, Victron Orion mai amp 18. Ita ce mai rabon abinci. Tana lura da wutar batirin inji, in ta ga ta hau alamar inji yana gudu sai ta ɗebi 18 ta miƙa wa litiyam, ba ƙari, in inji ya tsaya ta rufe, don kada firiza ta bi ta baya ta shanye batirin tada inji cikin dare. Na so a sa mai amp 30, tunda bambancin kuɗin ba yawa. Ya buɗe littafin injin ya nuna mini: amp 35 yake bayarwa a iyakar gudu, a ƙaramin gudu bai kai haka ba, kuma shi kansa injin yana cin nasa kason don famfon mai da kwamfuta. In na ɗebi 30 na koma gidan jiya. Tafiyar awa uku zuwa da dawowa tana ba ni amp hamsin da 'yan kai, kuma na yarda da hakan.

Sola kuma ya cire ɗan kwantirolan da yaron farko ya sa, wato akwatin da ke daidaita cajin da ke zuwa daga farantan, ya kawo wani kwantirola irin wanda ake kira MPPT mai amp 30, ya saita shi ya tsaya a bolt 14.2. Ya nuna mini wani saiti a tsohon da ke ɗaga wuta sama da bolt 15 lokaci-lokaci don wanke batirin dalma, ya ce wannan ga litiyam guba ne. Haka ya hana ni amfani da tsohuwar cajata ta gareji, na sayi wata mai amp 20 da ke da saitin litiyam, don ranar da za a jona da janareta a bakin jeti.

Sai maganar waya, wadda ta fi komai ba ni mamaki, don ban taɓa ɗaukar waya a bakin komai ba. Ya yanko guntu daga wadda yaron farko ya sa, ya feƙe robar, ga ta jawur kamar jan ƙarfen gaske. Ya kankare sili ɗaya da wuƙa, sai ga fari a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Ya kunna ashana a ƙarƙashinsa, silin ya lanƙwashe ya zube kamar gashi. Sannan ya ciro tasa daga jaka, ita kuma fara ce sol a waje, na ce ai wannan ce jabun. Ya yi dariya ya datse ta ya nuna mini bakin: ja a ciki. Jan ƙarfe ne zalla da aka lulluɓe da kuza don kada gishiri ya ci shi. Ja a waje fari a ciki, ka gudu. Fari a waje ja a ciki, ita ce ta ruwa. Wayar farkon mako uku kacal ta yi a jirgin, amma bakinta ya riga ya fara yin gari. Ruwan wannan mashigin gauraye yake da na teku, iskarsa kaɗai tana cin ƙarfe. Duk wayoyin ya zare, ya sa mai kaurin sukwaya milimita 35 daga batir zuwa allon da ke raba wuta, 16 zuwa cajar DC-DC, kowane baki ya matse shi da kan tagulla, ya rufe da robar da ke tsukewa in ta ji wuta, ya shafa man hana tsatsa.

Fis ma haka. Yaron farko bai sa ko ɗaya a bakin batir ba, wai ai BMS yana ciki. Bakanon ya girgiza kai ya ce mai gadi ma yana iya mutuwa a bakin aiki, kuma litiyam in wayoyinsa biyu suka haɗu, wutar da zai turo tana narka sifana. Ya ɗaura babban fis a kan wayar jan kan batir, bai fi ɗani ɗaya daga batirin ba, sai makunnin kashe komai a inda hannun direba zai kai ba tare da ya tashi ba. Wannan ne kawai abin da Kawu ya matso ya duba da kansa. Ya murza shi sau uku, ya ce a ɗan sassauko da shi ƙasa, aka sassauko.

Batirin kansa an sa shi a akwati ƙarƙashin bencin tsakiya, an ɗaga shi daga ƙasa yadda ruwan gindin jirgi ba zai taɓa shi ba, an ɗaure da bel biyu don duka igiya, an huda gefen akwatin iska ta riƙa shiga. Turawa damuwarsu kada a yi cajinsa cikin sanyin ƙanƙara, mu tamu damuwar zafi ce, shi ya sa aka nisanta shi da rana da kuma jarkokin mai, waɗanda suka koma can baya.

Abu na ƙarshe da ya sa, na so in ƙi saya don na gaji da fitar da kuɗi, shi ne ɗan ma'aunin da ake ɗaurawa a baƙin kan batir yana ƙirga duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Da batirin dalma, mita kawai kake dubawa ka san inda kake. Litiyam ba ya nuna gajiya a fuska: yana da kashi 80 yana da kashi 30, mitar tana nan wajen bolt 13.2, sai dab da ƙarewa ya faɗi gaba ɗaya. In ba ma'aunin nan, sai dai ka ji firiza ta yi shiru.

Da na tara rasit, kuɗin cajoji da waya da fis da ma'auni da aikin hannu sun kusa kamo kuɗin batirin, ban da rektifaya da kuɗin ja da na yi asara. Mai jirgin da fitila biyu da cajin waya kawai yake buƙata, ni ban ga dalilin da zai sa ya shiga wannan ba, batirin dalma mai kyau ya ishe shi. Mai firiza ko mai kwana a ruwa, shi ne lissafin zai fitar.

Yanzu an zagayo shekara. A watannin rani, kafin azahar batirin ya cika. Da hunturu ƙura tana kwanciya a kan farantan, sai yaron jirgi ya goge su kowace safiya da ruwan leda, don ruwan mashigin yana barin gishiri in ya bushe. Yuni da Yuli ne gwajin gaske, lokacin da sama ke rufewa kwana uku a jere, sola ba ta kawo ko rabin abin da ta saba, famfo kuma yana ta aiki saboda ruwan sama. A nan cajar inji ke riƙe mu. Sau biyu kawai na jona da janareta a daminar bara, mafi ƙasan da na gani kuma kashi 24 ne, wata Litinin da ba mu fita ba bayan kwana biyu ana tsuga ruwa. Kowane wata nakan bi bakunan wayoyi da sifana, don girgizar jirgi tana kwance noti, na taɓa samun ɗaya ya saki har ya ɗan yi ɗumi.

Makon jiya na iso jeti da sassafe na tarar da Kawu a zaune kan bencin tsakiya, ya sa gilashinsa, yana riƙe da wayar yaron jirgi nesa da fuskarsa.

"Saba'in da ɗaya," ya ce, bai ko ɗago ba. "Jiya war haka saba'in da shida ne. Wani ya bar murfin firiza a buɗe."

Yaron ya sunkuyar da kai. Filafilan nan biyu suna jingine a inda suka saba, na tsallake su na wuce na fara ƙirga nama.